Ina zan samu shuɗiyar iguwana, kuma zan iya riƙe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a jihar Teksas ta Amurka. Shekara huɗu ke nan ina kiwon koriyar iguwana, ta kuma yi kyau ƙwarai. Yanzu ina son in samu irin waɗanda ba kowa ke da su ba, kamar shuɗiyar nan ta tsibirin Kayman ko mai zane-zanen nan ta Fiji. Wani ya tuntuɓe ni ta intanet ya ce yana da duka biyun, har da takardu. Ina ake samun na gaskiya, yaya ake riƙe su, kuma in na tashi komawa gida Kano zan iya tafiya da ita?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko kwabo. Zan gaya maka dalili, amma bari in fara share hanya saboda 'yan'uwanmu na gida da za su karanta wannan amsa.

Iguwana wata irin babbar ƙadangaruwa ce, amma ba damo ba ce, ba kuma guza ba. A Nijeriya da Gana mutane da yawa sukan kira damo iguwana in suna Turanci, alhali ko dangi na kusa ba su haɗa ba. Damo da guza masu cin nama ne, ƙwari da dodon-koɗi da ƙwai da ɓera. Iguwana kuwa ganye take ci da fure da 'ya'yan itace, kuma asalinta nahiyar Amurka ne da tsibiran Karebiyan, sai tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado da tsibiran Fiji. Duk wanda ya ciyar da ita irin cimar damo, ƙodarta zai kashe.

To, mu koma kan shuɗiyar taka. Sunanta a wajen masana Cyclura lewisi, kuma a duk duniya tsibiri ɗaya ne gidanta, wato Babban Kayman. Da aka yi ƙidaya a 2002, abin da aka ƙiyasta ya rage a daji bai wuce 10 zuwa 25 ba. Karnuka da kyanwoyi sun cinye, motoci sun take, gonaki da gidaje sun cinye dajin. Wani masanin kare namun daji mai suna Fred Burton da abokan aikinsa ne suka tsaya tsayin daka, suna tattara ƙwai, suna ƙyanƙyashewa, suna renon 'ya'yan har su yi girman da kyanwa ba za ta iya da su ba, sannan su sake su a wuraren da aka killace. Sai a 2018 aka saki ta dubu ɗaya. Shekara goma sha shida na aikin rana da gumi ke nan. Iguwanar tsibirin Jamaika ma labarinta ya fi wannan tayar da tsikar jiki. Tun wajen 1948 aka fitar da rai da ita, aka ce ta ƙare a duniya, domin tunkun da Turawa suka kai tsibirin a 1872 don ya ci ɓerayen gonar rake ya koma kan ƙwanta da 'ya'yanta. Kwatsam a 1990 karen wani maharbin aladun daji ya kamo guda ɗaya a tsaunukan Hellshire. Daga wannan ɗayar aka bi sawu aka gano ragowar, kuma har gobe ana ɗebo jarirai daga daji a rene su a gidan namun daji na Hope da ke Kingston kafin a mayar.

Na kawo maka waɗannan ne don ka gane abin da kalmar "ƙaranci" ke nufi a wannan fage. A kasuwa tana nufin tsada da alfahari. A tsibirin kuwa tana nufin mace ɗaya mai ƙwai da aka ɗauke, an yi asarar 'ya'yan shekara talatin ko arba'in masu zuwa.

Shi ya sa dokar duniya ta rufe ƙofar. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton a 1973, ta kasa namun daji gida uku, kuma rukuni na ɗaya shi ne na waɗanda ba a yarda a kamo su daga daji a yi cinikinsu tsakanin ƙasashe ba. Tun 1981 duk dangin Cyclura, wato iguwanar dutse ta Karebiyan, suna cikin wannan rukuni, haka ma duk na Fiji. A kan wannan kuma Amurka tana da dokarta ta 1973 mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda ta hana a sayar da irin shuɗiyar Kayman daga wata jiha zuwa wata ba tare da lasisin hukumar kifi da namun daji ta tarayya ba. Ta Fiji kuwa, a Amurka kusan gidajen namun daji ne kaɗai ke riƙe da ita ta halaliya, na birnin San Diego ne a gaba. A Turai akwai masu kiwonta a gida, amma wannan ba zai amfane ka ba, don ba za ka iya shigo da ita ba.

Saboda haka mutumin da ya ce yana da duka biyun, ɗaya ne daga cikin uku. Mafi yawa ɗan damfara ne kawai, ya kwaso hotuna a intanet, zai karɓi kuɗin kafin alƙalami, sannan ya ce ana bukatar kuɗin keji, sannan na inshora, sannan ka neme shi ka rasa. Ko kuma mai sayar da ruwa-biyu ne. Shekaru da dama da suka wuce an haɗa shuɗiyar Kayman da ta Kyuba a Amurka, jikokinsu sun bazu a kasuwa, kuma yawancin abin da ake tallatawa da sunan shuɗiya su ne. Ni ban ga laifin kiwon ruwa-biyu ba in an gaya wa mai saye gaskiya, dabbobi ne masu kyau da saurin sabo. Laifin shi ne a sayar maka da ita a farashin tsantsa, kuma ido ba ya iya rabewa tun tana ƙarama, sai gwajin jini.

Na ukun shi ne wanda ya fi damuna, wato wanda da gaske yana da ita. Ka san yadda take zuwa hannunsa? A watan Fabrairun 2014 jami'an kwastam a filin jirgin Heathrow na Landan suka buɗe akwatin wasu mata biyu da suka taso daga Bahamas za su wuce Jamus. Suka tarar da iguwanar dutse 13 ta ƙasar, kowace an cusa ta a cikin safa. Ɗaya ta riga ta mutu. Aka ɗaure matan shekara ɗaiɗai, aka mayar da 12 ɗin gida. A 2012 an kama wani Bajamushe a filin jirgin Baltra na Galapagos da iguwanar tudu huɗu a cikin kayansa, kotun Ekwado ta yanke masa shekara huɗu. A 2007 kuma an gurfanar da wani mutumin Kalifoniya bisa tuhumar ya ɓoye 'yan Fiji uku a cikin ƙafarsa ta roba ya shigo da su. Waɗannan su ne waɗanda dubu ta cika. Waɗanda suka tsallake kuwa, sai a kai dabbar wata ƙasa ta uku, a samo mata takarda mai cewa a tsare aka haife ta, daga nan 'ya'yanta su shiga kasuwa fes kamar an wanke su. Ekwado ba ta taɓa ba da izinin a fitar da iguwanar Galapagos don ciniki ba, amma ga su ana tallarsu da takardu. To daga ina iyayensu suka fito? Wannan ita ce tambayar da takarda ba ta amsawa. Mu a gida mun san sunan mai sayen kayan sata, ɓarawon zaune, kuma in babu shi na tsaye ba zai fita ba.

Kada ka ɗauka abin a can nesa kawai yake faruwa. Ka shiga duk wani baje-kolin masu jan ciki a Amurka, za ka ga ƙadangarun hamada masu ƙayar wutsiya, ja da rawaya, Uromastyx geyri. Asalinsu duwatsun Azbin ne na yankin Agadas da arewacin Mali, kuma galibinsu kamun daji ne. Damon da ake sayarwa da araha a shagunan dabbobi ma daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin ake lodinsa. Duk lokacin da na gan su jibge a cikin roba, ramammu, idanu a rufe, raina yakan ɓaci, don na san daga inda aka raba su.

Yanzu ga ɓangaren da zai faranta maka. Akwai iguwana da ba kasafai ake gani ba, wadda kuma za ka iya mallaka kanka tsaye. Wadda nake nuna wa duk mai tambaya irin taka ita ce mai ƙahon karkanda, Cyclura cornuta, 'yar tsibirin da Haiti da Jamhuriyar Dominikan suka raba. An shafe shekaru gommai ana haifarta a Amurka, musamman a jihohi masu zafi, kuma jaririya ɗaya kan kai ɗaruruwan daloli. A dajinta tana cikin haɗari, amma na hannun masu kiwon kirki jikoki ne da tattaɓa-kunnen waɗanda aka haifa a tsare, sayensu bai rage ko ɗaya a Haiti ba. Akwai kuma dangin Ctenosaura masu ƙayar wutsiya na Meziko da Amurka ta Tsakiya. Daga cikinsu ta tsibirin Utila a Honduras, wadda ke zaune cikin itatuwan bakin teku, ana samun haihuwar gida jefi-jefi, sai dai ka yi taka-tsantsan, don tun 2019 duk danginsu sun shiga rukuni na biyu na CITES, wanda sai da izini ake fitar da su daga ƙasa, saboda yawan satarsu. In kuma wurinka ƙarami ne, chuckwalla ta hamadar Arizona 'yar dangi ce, ba ta da girma, ba ta da rigima.

Wajen nema, mai kiwo za ka nema, ba dillali ba. Mai kiwon gaskiya zai nuna maka uwa da uba a bidiyo kai tsaye, ya gaya maka ranar da aka saka ƙwai da ranar da suka fashe, ya faɗi daga wa ya samu iyayen da shekarar da ya same su, ya ba ka rasit mai sunan dabbar na kimiyya. Alamar da na fi yarda da ita kuwa ita ce shi ma ya titsiye ka da tambaya: ina za ka ajiye ta, wace fitila gare ka, ka taɓa kiwon wata? Wanda bai tambaye ka komai ba sai lambar katinka, bai damu da ko dabbar ta kwana ba. Mai ƙaho takan ƙyanƙyashe wajen Satumba da Oktoba, kuma masu kiwon da aka sani sukan rubuta sunayen masu jira tun kafin lokacin. In ka ga babba ana sayarwa da araha, ba tarihi, jiki duk tabo, ga kaska a hammata, ka san daga daji take.

Samun ma shi ne mai sauƙin. Riƙon shi ne aiki.

Jaririyar mai ƙaho da za a kawo maka ba ta wuce tafin hannu da wutsiya ba. Nan da 'yan shekaru za ta haura mita ɗaya, nauyinta ya kai kilo biyar zuwa tara, da muƙamuƙin da zai iya raba maka yatsa in ta ciza. Ba ta hawa bishiya kamar koriyarka, ta ƙasa ce, mai son dutse da rami, don haka faɗin wuri take bukata fiye da tsawo. Ni ba na yarda a ajiye babba a wurin da bai kai mita uku a mita biyu ba, kuma ko wannan maneji ne. A Teksas kana da sa'a, watanni da yawa za ta iya zama a keji na waje ta sha rana. Amma ka tuna sanyin Fabrairun 2021 da ya ɗauke wutar miliyoyin gidaje a jiharku kwana da kwanaki. Ɗaki mai ɗumi da janareto na cikin kuɗin sayen wannan dabba, ka lissafa su tun yanzu.

Zafi shi ne injin cikinta. Ganyen da ta ci ƙananan halittun da ke cikin hanjinta ne ke narkar da shi, su kuwa ba sa aiki sai jiki ya ɗauki zafi. Ka tanadar mata faffaɗan dutse da samansa zai kai digiri 45 ko sama kaɗan a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kejin kuma ya tsaya wajen 27, don ta zaɓi inda take so. Da dare kada ya sauka ƙasa da 21. In ka samu lafiyayyen namiji ka tsaya ka kalle shi da safe. Zai fito daga raminsa baƙi-ƙirin, jiki a sanyaye, ya hau dutse ya baje ciki ya miƙe ƙafafu. Can sai ka ga launinsa ya washe ya koma toka-toka, ya ɗaga kai yana gyaɗa shi sama da ƙasa, ya yi atishawa ya fesar da farin gishiri ta hanci. Masu sabon kiwo sukan firgita su ce mura ce, alhali hanyarsa ce ta fitar da gishirin da ya yi yawa a jiki. Sai bayan duk wannan zai waiwayi abinci. Ka miƙa masa jan fure a lokacin, ka ga yadda zai taho da gudu.

Sai hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, kuma a nan ne mafi yawan iguwanar gida ke mutuwa. Da wannan haske fatarta ke haɗa bitamin D3, da bitamin ɗin kuma jiki ke tsotsar kalsiyam daga abinci. In babu shi, jiki sai ya koma yana kwasar kalsiyam daga ƙashi. An taɓa kawo mini wata 'yar shekara ɗaya a cikin kwalin takalmi. Mai ita yana sonta matuƙa, kullum yana ajiye ta a bakin taga ta sha hantsi, bai san gilashi yana tare UVB ba. Abincinta latas da na kare. Da na sa yatsa na taɓa haɓarta sai ta lanƙwashe kamar robar silifa. Cinyoyinta sun kumbura har yana murna wai ta yi ƙiba, alhali ƙashi ne ya lalace, yatsunta kuma sai karkarwa suke. Ta rayu, amma bakinta a karkace ya zauna har abada, mutumin kuwa hawaye ya yi a gabana. Ka sayi doguwar fitilar UVB mai ƙarfi irin ta T5, ka canza ta duk shekara ko da tana ci, don hasken da ido ke gani yakan daɗe bayan wanda ake bukata ya raunana. Rana tsirara, ba gilashi a tsakani, ta fi kowace fitila.

Abinci ba sabon abu ba ne a wajenka: ganye mai duhu shi ne tushe, kayan lambu su biyo baya, 'ya'yan itace ɗan taɓawa, a barbaɗa garin kalsiyam. Ba nama, ba ƙwai, ba abincin kare ko na kyanwa. Kada ka haɗa ta keji ɗaya da koriyarka, kuma wata ukun farko ka ware ta a wani ɗaki, likita ya duba kashinta ko da tsutsa. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, za su yi wa juna illa. In mace ce, ko ba namiji za ta iya ɗaukar ƙwai, kuma in ba ta samu yashi mai zurfi da danshi da za ta haƙa ba, sai ta riƙe su a ciki har abin ya kai ga tiyata. Ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ta, don masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, ƙananan yara da masu juna biyu kuwa su yi nesa da kejin.

Akwai abu ɗaya da nake son ka kwana da shi a rai kafin ka yanke shawara. A garin Brownsville, nan cikin jiharku, gidan namun daji na Gladys Porter ya riƙe wani namijin shuɗiyar iguwana da aka kama yana babba a 1950. Bai mutu ba sai 2004, an ƙiyasta shekarunsa 69. Mai ƙaho ma takan yi shekaru gommai. Watau in kana da talatin yau, kana iya ɗaukar dabbar da za ta ga jikokinka. Wa zai karɓe ta in aiki ya mayar da kai wani gari, ko mai gida ya ce ba ya son ta a gidansa? Hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, yana kan duk wanda ya sa rai a keji. Saki a daji kuma ba mafita ba ne. Koriyar iguwana da aka saki ko ta tsere ta cika kudancin Fulorida har jihar ta hana sabon kiwonta a 2021. A Babban Kayman, gidan shuɗiyar da kake so, koriyar ta yi yawan da daga 2018 aka kashe fiye da miliyan ɗaya. A ƙananan tsibiran Antil kuwa tana barbarar 'yar asalin wurin, Iguana delicatissima, har irin na neman ɓacewa.

Maganar komawa Kano da ita, mai yiwuwa ne, amma ba abin da za ka fara mako biyu kafin tafiya ba ne. Ko da a Amurka aka haife ta, sunanta na nan a rukuni na ɗaya, don haka sai ka nemi izinin fitarwa daga hukumar kifi da namun daji ta Amurka, ka tuntuɓi Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Abuja, wadda ke kula da CITES a Nijeriya, kan izinin shigowa, ga takardar lafiya, ga neman kamfanin jirgin da zai yarda ya ɗauka. Rasit ɗin nan da tarihin iyayenta da na ce ka karɓa, ranar za ka san amfaninsu. Yanayin Kano kuwa ya fi dacewa da mai ƙaho nesa ba kusa ba a kan ta Fiji, wadda ke son laima da inuwar bishiya, iskar hunturu za ta busar da ita. Mai ƙaho 'yar busasshen daji ce mai ƙaya da duwatsu. Rana kyauta ce a gida, ba ruwanka da fitila. Abin da za ka tanada shi ne inuwa da rami mai sanyi saboda zafin Afrilu da ke haura 40, da ɗaki mai ɗumi saboda daren hunturu, da raga mai ƙarfi har sama saboda muzuru da shaho. Cima ma ba za ta gagara ba: zogale, ganyen wake, ganyen dankalin Hausa, rama, kabewa, kuɓewa, gwanda kaɗan. Alayyahu da yakuwa sai jefi-jefi, kuma duk ganyen kasuwa a wanke shi sosai saboda feshin maganin ƙwari. Babbar matsalar ita ce likita, don waɗanda suka saba da masu jan ciki ba su da yawa, ka nemi naka tun kafin ka sauka.

In ni ne kai, bana gini zan yi, ba saye ba. Ka haɗa kejin, ka kunna fitilu, ka yi wata guda kana auna zafi safe da rana da dare, sannan ka sa sunanka a wajen mai kiwo don ƙyanƙyasar baɗi. Ka turo mini awon wurin da kake da shi, da irin fitilar da koriyarka ke amfani da ita da ranar da ka saye ta, da hotonta ta gefe inda zan ga haɓa da cinyoyi, sai mu duba tare.